Bunsurun Malama Eluby Ya Shiga Manhaja

Idan ka tsaya a tsakiyar kasuwar Domasi ka ce duk wanda Malama Eluby Nachisale ta koya wa riƙe fensir ya ɗaga hannu, to rabin kasuwar sai ta tsaya. Mai kifi zai ajiye kwanon awo, mai ɗaukar fasinja a keke zai sauke ƙafa, har ɗan sandan bakin titi sai ya waiwayo. Tun tana budurwa aka ba ta aji ɗaya a makarantar da ke gindin dutse, ga shi furfura ta cinye mata kai, ba ta taɓa yarda an matsar da ita ko zuwa aji biyu ba. An taɓa yi mata tayin mataimakiyar hedimasta, ta ce a kai kasuwa. Ita dai a bar ta da masu majinar nan da ke zuwa ranar farko suna kuka suna riƙe zanen uwa.

'Yar masunci ce daga bakin tafkin Chilwa, gajera mai faɗin kafaɗa, da muryar da in ta ce a zauna a aji ɗaya, 'yan aji takwas ma sai sun gyara zama. Ba a ganinta ba buhun marafan kwalba a bayan kekenta, da su take koyar da ƙirga. Mijinta mai gyaran keke ne a bakin kasuwa, ya daɗe da haƙura cewa in ana batun 'ya'yan mutane, tuwonsa na nsima sai ya huce kafin a tuna da shi. A gidan kuwa akwai wani bunsuru mai gemu da ta raɗa wa suna Minista, wai don komai ya gani sai ya ci, kuma bai taɓa cewa ya ƙoshi ba.

Doka ɗaya ce a ajinta, amma ba ta da ɗaga ƙafa: ba a yi wa wanda ya ba da amsar da ba daidai ba dariya. Tana ƙarama malaminsu ya tsayar da ita da ƙafa ɗaya a gaban aji saboda ta kasa wani ɗan lissafi, ya sa yara suka yi ta tafa mata tafin tsiya. Daga ranar ta kulle bakinta, shekara guda ba wanda ya ji muryarta a makaranta. Har ta tsufa in ta tuna sai ranta ya ɓaci, kuma ta yi rantsuwa ba yaron da zai ɗanɗani wannan a hannunta.

To, ana zaune ƙalau aka kawo sabon hedimasta, Malam Chimwaza, mutumin kirki amma mai son tsari kamar me. Ya dubi shekarun Malama, ya dubi yara sama da ɗari da ke zube a ƙasan ajinta, ya ce gaskiya ya kamata ta huta. Akwai ɗakin ajiyar littattafai ba mai kula da shi, ga kujera ga inuwa. Malama ta ji maganar kamar an soka mata mashi. Ta ce masa littattafai ba sa kuka, ba sa fitsari a wando, me za ta yi musu? Da ƙyar suka daidaita: akwai gwajin kwamfutocin hannu da za a kawo wa 'yan aji ɗaya a bana, in sakamakon ajinta ya yi kyau ta zauna, in ya lalace ta karɓi mabuɗin ɗakin ajiya ba gardama.

Masu gwajin wasu matasa ne da ke da ɗan kamfani a Zomba, kuma wanda suka turo Domasi wani dogon saurayi ne mai tabarau, Yamikani Mbewe. Shi bai zo da manhaja gamammiya ba. Duk ranar Asabar sai ya tara malaman makarantun yankin a ajin Malama, ya sayo mandasi, wato irin fanken can, da shayi, ya baje kwalaye da almakashi a kan tebur. Ya ce musu shi magini ne, amma tubali yake bugawa, su ne za su faɗa masa irin gidan da suke so. Tubali ɗaya aikinsa nuna tambaya, wani jan abu da yatsa a ƙirga, wani kuma yin ƙara idan yaro ya amsa. In aka buga tubalin sau ɗaya ya yi kyau, da shi za a gina darasin lissafi, da shi za a gina na karatu, a wannan makaranta da waccan, ba sai an sake wahala ba.

Malama ta je Asabar ɗin farko ne da niyyar faɗa. Sai ta tarar yaron yana da kunne. Ta ce masa tuffar da ya zana don ƙirga yaranta ba su taɓa ganinta ba, ya goge ya sa marafan kwalba da ƙananan kifin usipa. Ta ce maɓallin ya yi ƙanƙanta, yatsan ɗan shekara shida ba ya tsayawa wuri ɗaya, ya ƙara masa girma. Wani malamin lissafi daga Songani, Malam Lipenga, ya ce a bar yaro ya mayar da abin da ya ja in ya canja ra'ayi, aka gyara. Kafin wata ya zagayo Malama ce ke riga kowa zuwa, tana kiran Yamikani ɗana, tana yi masa faɗan ba ya cin abinci, wai ya zama kamar sandar rake. Shi kuma Mama yake ce mata, yana tsokanarta cewa ita ce injiniyar, shi lebura ne kawai.

Rigima ta tashi ne ranar da aka zo kan tubalin ƙara. Yamikani ya danna amsar da ba daidai ba don ya nuna musu, allon ya yi ja, wata ƙara mai kaifi ta fito kamar hon ɗin babbar mota. Malama ta ajiye mandasinta.

"Ɗana, wannan abin ba zai shiga ajina ba."

Ya ce ai haka ake yi ko'ina, dole yaro ya san ya kauce. Ta ce ya sani mana, amma ba da tsawa ba. Ta ce a nemo abin da in yaro ya ji zai saki jiki ya sake gwadawa. Aka yi ta kawo shawara, wani ya ce ƙararrawa, wani ya ce kukan tsuntsu. Malam Lipenga ne cikin raha ya ce ko a ɗauko Minista, tunda shi ma bai taɓa yin abin daidai ba. Ɗaki ya kwashe da dariya, amma Malama ba ta yi ba. Ido kawai ta zuba masa, sannan ta ce wallahi ya kawo magana.

Ranar naɗar muryar Minista ba a mantawa da ita a unguwarsu. Bunsurun da ke hana maƙwabta sakat da ihu, yana ganin waya a gaban bakinsa ya yi gum. Aka lallashe shi, aka ja masa gemu, a banza. Ya kai wa wayar Yamikani cizo, ya cinye masa gefen riga. Sai da mijin Malama ya ɗaga mandasi sama inda bakinsa ba ya kaiwa, sannan Minista ya miƙe da ƙafafun baya ya saki wani kuka mai karyewa a tsakiya, kamar tsoho ya hau keke ya rasa birki. Yamikani ya faɗi zaune yana dariya har tabarau ya zame. Ya koma Zomba ya sa kukan a tubalin ƙara, kuma tunda tubalin ɗaya ne, cikin mako guda Minista ya shiga lissafi, ya shiga karatu, ya shiga duk makarantun gwajin.

Yadda aka tsara, allunan kwamfutar suna wani ɗan ɗaki mai sola, yara suna shiga rukuni-rukuni da abin sawa a kunne, Malama kuma tana tare da sauran a aji. Takan leƙa ta taga ta ga kafaɗu suna rawa, yara suna toshe baki suna zungurin juna. Daɗi ya riƙa kama ta. Waɗanda a da sai an koro su, yanzu tun kafin a buga ƙarfe suna bakin ƙofa. Takan dawo gida tana waƙa a kan keke, ta ƙara wa Minista dusa ta ce ya ci, ya yi aiki.

Ashe ba ta san dawan garin ba. Sakamakon ba hannunta yake zuwa ba, ofis yake wucewa. Ana dab da ƙarshen zango Malam Chimwaza ya kira ta, ya tura mata kujera da kansa, abin da bai saba yi ba. Ya ce makin duk makarantun ya yi ƙasa, amma nata ya fi na kowa faɗuwa, akwai yaran da ko ɗaya ba su ci ba. Ya ce har maganar ta kai kunnen mai duba makarantu, Madam Msiska, za ta zo da kanta mako mai zuwa. Bai ambaci mabuɗi ba, amma yana rataye a bango bayansa, Malama kuwa ba ta iya ɗauke ido daga kansa ba.

Ta tura kekenta har gida ba ta hau ba. Baƙin ciki ya cika ta, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne tunanin ko gaskiyar hedimasta ce, tsufa ya zo ba ta sani ba. A aji in ta zube marafan kwalba yaran nan suna ƙirgawa tiryan-tiryan. To me ke faruwa da su a gaban allo? Ko abincin dare ba ta taɓa ba.

Washegari sai ga Yamikani a motar farko, ido ya faɗa. Ya ce ya kwance tubalin haɗa maki ya ɗaura, ya sake kwancewa, bai ga aibu ba. Ya ce in dai laifi ne to nasa ne, zai faɗa wa Madam Msiska haka. Malama ta ce ya bar rabon laifi tukuna, ruwa ba ya tsami banza, su shiga su zauna da yaran su gani da idonsu. Abin kunya, duk Asabar ɗin da suka yi suna yanka kwali, ba wanda ya taɓa zama kusa da yaro yana danna abin tun daga farko har ƙarshe.

Suka tsuguna bayan wata yarinya, Takondwa, wadda ta zo makaranta farkon shekara ko sunanta ba ta iya faɗa da ƙarfi. Allo ya nuna kifaye. Takondwa ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi, ta ce bakwai a hankali. Ta kai yatsa kan bakwai ta tsaya, ba ta taɓa ba. Sai ta zame gefe ta danna tara, ta dunƙule tana dariya har tana buga ƙafa. Tambaya ta gaba ma haka, ta gano amsar sarai, ta kauce mata kamar mai tsallake kwata.

Malama ta zare abin kunnen a hankali ta tambaye ta me ya sa ba ta danna bakwai ba. Yarinyar ta dube ta da mamaki, wai har Malama ba ta sani ba.

"In na danna daidai tauraro kawai ake ba ni. Minista ba ya zuwa."

Yamikani ya dafe kai. Malama ta zauna daɓas a ƙasa, ta dube shi ya dube ta, sai dariya ta ƙwace musu, irin wadda ke fitowa da hawaye. Yaran da suka ga Malama na dariya su ma suka ɓarke. Ashe 'yan ajinta sun fi kowa faɗuwa ne don su sun san Minista ido da ido, wasu ma ya taɓa cinye musu littafi. Har gasa suke yi, wanda ya kuskure ya ci tambaya shi ake yi wa tsiya. Garin neman gira an kusa rasa ido, in ji Malama, tana share fuska da gefen zane.

Asabar ɗin nan taron malamai ya yi armashi. Malam Lipenga ya shigo yana kukan bunsuru tun daga ƙofa, ya ce shi ma ya yi ta zargin kansa, har ya fara tunanin komawa noman taba. Aka ci mandasi aka yi shawara. Aka yarda kuskure ya samu sauti mai taushi da ke cewa a sake gwadawa, Minista kuwa ya koma ƙarshen darasi, sai wanda ya kammala zai ji shi. Wata malama ta ce ita yaranta ba ruwansu da bunsuru, tafin da suke yi wa gwani take so. Nan Yamikani ya ce to zai bar gurbi a jikin tubalin, kowane malami ya sa sautin da ya dace da ajinsa, tubalin dai ɗaya ne. Suka kuma sa shi ya buga sabon tubali da zai riƙa nuna wa malami sakamakon yaransa a hannunsa, ba sai ya ji a ofis ba.

Yamikani ya so ya fara gyara allunan Domasi kafin baƙuwa ta iso. Malama ta hana. Ta ce makin zangon ya riga ya tafi, gyara ba zai dawo da shi ba, kuma in aka ba Madam Msiska labari da baki za ta ce tsohuwa ce ke kare kujerarta. Gara ta tarar da abin yadda yake, gani ya kori ji. Yana fita dai damuwa ta kama ta, don ta san matar ba ta da wasa, kuma ba dole ba ne abin da ya ba su dariya ya ba ta.

Madam Msiska ta iso da hantsi, doguwa, fuska a ɗaure, jaka a hammata. Ta gaisa a taƙaice ta ce a kai ta wurin yaran. Malama ta sa aka cire duk abubuwan kunne, ta ce wa rukunin farko su yi yadda suka saba. Kafin ka ce kwabo ɗakin ya koma kasuwar awaki. Minista ta nan, Minista ta can, yara suna birgima. Malam Chimwaza ya rasa inda zai sa fuskarsa, Yamikani ya manne da bango yana goge tabarau. Madam Msiska kuwa ko gezau, ta bi bayan yaran tana kallon yatsunsu, ta daɗe a kan Takondwa. Sannan ta ce a kashe allunan, kowa ya koma aji.

A aji ta karɓi alli da kanta. Ta rubuta lissafi, yara suka amsa. Ta rubuta wani, suka amsa. Ta nuna na lungu, ta nuna na bayan ƙofa, ta sa aka karanta mata kalmomi, ba wanda ya yi tuntuɓe sosai. Sai ta goge allo ta rubuta wani dogon lissafi na 'yan aji uku, wanda ba a taɓa koya musu ba, ta juyo ta harɗe hannu. Malama ta ce a ranta shi ke nan, an zo da ita inda za a kayar da ita.

Hannuwa suka tashi. Ba biyu ba, ba goma ba, kusan ajin gaba ɗaya, wasu har da miƙewa a kan gwiwa. Madam Msiska ta nuna Takondwa. Yarinyar ta taso ta ƙirga da yatsun hannu, ta ƙare su ta duba na ƙafa, ta faɗi amsa da ƙarfi. Ba daidai ba ce, ko kusa. Madam Msiska ta girgiza kai. Ba wanda ya yi dariya a ajin. Takondwa ta karkata kai ta sake duban allon.

"To bari in sake," ta ce, ta juya wajen Malama ta miƙa hannu a ba ta marafan kwalba.

Ba ta kai ga amsar ba har aka buga ƙarfen tara, amma ba ta koma ta zauna ba, wasu ma sun taso sun tsuguna suna taya ta jerawa. Madam Msiska ta ajiye allin ta kaɗe hannu. A bakin ƙofa ta ce wa hedimasta ta shiga ajujuwa ba adadi, kuma duk inda ta rubuta abin da ya fi ƙarfin yara, hannuwa ƙarƙashin cinya suke komawa. Ta ce makin nan a jefar da shi, na bunsuru ne, ba na yara ba. Sannan ta tambaya, wai ta ji ana batun ɗakin ajiya, waye za a kai can?

Malam Chimwaza ya yi gyaran murya ya ce ana dai dubawa. Ta ce to ya ci gaba da dubawa a wani wurin.

Da motarta ta tashi, hedimasta ya juyo yana sosa ƙeya, ya tambayi Malama wane aji take so a rubuta mata shekara mai zuwa. Farin ciki ya cika ta. Ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ta juya ta koma wurin yaranta, don har lokacin suna tsugune a ƙasa suna gardama a kan amsar.